Kanta Kotal: Ɗan kokawar da ya bar fage ya kafa daular Kabi

Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, hankalin baƙi da masu ɗaukar hoto kan tafi Matan Fada ne, inda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da homa da gora. Amma akwai wani taron da mutanen gari da na ƙauyukan kewaye ba sa bari ya wuce su, wato fagen kokawa, ko kokowa kamar yadda ake faɗi a wannan yanki. Makaɗa na zuga, samari na fitowa ɗaure da layu da guraye, ana kaye, ƙura na tashi, 'yan kallo na ihu.

A cikin garin kuma akwai gidan tarihi mai ɗauke da sunan Kanta. Da wuya a samu ɗan makaranta a Jihar Kebbi da bai san wannan suna ba: sarki ne, mayaƙi, wanda ya kafa daular Kabi fiye da shekara 500 da suka wuce. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sana'ar da ta fara fito da shi. Labaran da Kabawa suka gada kaka da kakanni sun nuna cewa kafin Muhammadu Kanta ya ja runduna, ɗan kokawa ne kuma ɗan dambe, mai bin garuruwa da rugage yana neman wanda zai iya tarar sa.

Wanda ya bi tarihinsa yana riƙe da wannan a zuciya zai ga halin ɗan fage a kusan duk abin da ya yi bayan nan, mai kyau da marar kyau.

Ɗan da gado ya tsallake

Riwayar da ta fi yaɗuwa tsakanin Kabawa ta ce mahaifinsa, Makata, baƙo ne da ya zo daga gabas ya zauna a ƙasar Katsina, a yankin Kuyambana. Ya samu shiga wurin Sarkin Katsina har aka ba shi sarautar Magaji a wani gari da ake kira Bawa, aka kuma aura masa 'yar sarki mai suna Tamatu. Ita ce ta haifi Kanta.

Da Makata ya rasu, sai aka tsallake Kanta aka naɗa wani. Bai tsaya jiran gawon shanu ba. Ya bar garin ya bi Fulani makiyaya yana kiwo, suka nausa yamma ta ƙasashen Gobir da Zamfara, har suka gangaro fadamar gulbin Kabi.

Akwai wata riwayar kuma da Kabawa ba sa son ji. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya kawo zancen da ake yi cewa Kanta bawan Fulani ne tun asali. Yana da kyau a tuna lokacin da aka rubuta littafin. Shekara 7 ke nan da dakarun jihadi suka ci Birnin Kebbi, kuma yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu bai ƙare ba. Ita ma riwayar 'yar sarkin ta fito ne daga bakin zuriyar da za ta so a ga jinin sarauta a tushenta. Kowa dai da inda ya sa gaba.

Sai dai riwayoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Mutumin nan bai gaji karaga ba, bai gaji dakaru ba, kuma ya yi zaman kiwo a cikin Fulani. Sanda da ƙarfin damtse ne kawai ya shigo ƙasar Kabi da su.

Shekarun fage

A ƙasar Hausa kokawa wasan kaka ce. Idan an girbe gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, jiki ya murmure daga wahalar noma, sai gari ya gayyaci gari. A share fili mai yashi, jama'a su kewaye shi. Ƙa'idar ba ta da tsawo: wanda gwiwarsa ko hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. Ba a duka, ba a cizo. Saura duk dabara ce, kamun ƙafa, taɗiya, da sanin lokacin da abokin karawa ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya. Shi ya sa ake ganin ɗan siririn mutum ya yi sama da ƙato.

Dambe kuwa ya fi haɗari. Ana naɗe hannu ɗaya da igiya har ya yi tauri kamar dutse, a bar ɗayan a buɗe don kariya, kuma faɗuwar mutum ma kisa ake kiranta. An fi danganta dambe da mahauta, kokawa da manoma. Su kuma Fulanin da Kanta ya zauna a cikinsu suna da nasu gwajin na sharo, inda saurayi ke tsayawa a zabga masa bulala ko gezau bai yi ba. Riwaya ta ce Kanta ya yi fice a dambe da kokawa duka biyun, abin da ba kasafai ake samu ba, domin kowanne da irin tsayuwarsa da irin jikin da yake buƙata.

Rayuwar makiyayi ta dace da wannan sana'a. Shanu ba sa zama wuri ɗaya. Duk inda aka sauka akwai kasuwa kusa, akwai bikin suna ko na aure, akwai kuma zakaran da garin ke tinƙaho da shi. Baƙon da ya shigo ya kayar da zakaran gari, kafin ya isa gari na gaba labarinsa ya riga shi zuwa. Da haka Kanta ya riƙa tara suna daga wannan fage zuwa wancan, har aka kai lokacin da idan ya fito ba mai fitowa. Daga nan ne, in ji masu riwaya, ya samu laƙabin Kotal, wanda suke fassarawa da mutumin da ba shi da abokin karawa.

Wanda bai san fage ba zai ɗauka ƙarfi kawai ake gwadawa a cikinsa. Zakaran kokawa, kamar yadda aka san shi har zuwa zamanin nan, ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da makaɗinsa da maroƙinsa, yana da mai ba shi taimako na layu da rubutu, yana da yara masu ɗaukar masa kaya waɗanda su ma ke koyon kamu a hannunsa. Idan ya yi kaye aka yi masa ruwan kyauta, ba ya ƙulle ta shi kaɗai. Makaɗi na da rabo, yara na da rabo, mai masauki ma ba a manta da shi. Zakaran da ya yi rowa, ganga kan daina ambatonsa, yaransa su sulale su koma wurin wani. Wato dai wata 'yar ƙaramar fada ce mai tafiya da ƙafa, kuma mai ita na koyon yadda ake tara mutane, da abin da ya fi wannan wuya, yadda ake riƙe su.

Ba banza ba har yau a Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Kebbi, wanda ya lashe gasar kokawa ta ƙasa da aka fara a 1975 takobi ake miƙa masa, a naɗa masa rawani, a kira shi sarki. Nasu na girmamawa ne. Kanta ya ɗauki abin da gaske.

Samarin da suka bi shi sun bi shi ne saboda abin da idonsu ya gani, kuma a wancan zamani tazarar da ke tsakanin ayarin 'yan fage da ƙungiyar mayaƙa ba ta wuce kwari da baka ba. Yankin da suka sauka fadama ce mai ƙananan garuruwan masunta da manoma, kowanne da shugabansa, babu babban sarkin da ya haɗa kansu, sai inuwar daular Songhai da ke miƙowa daga yamma. Sannu a hankali garuruwan suka shiga hannunsa. Lokacin da sunansa ya fara bayyana a rubuce, ya riga ya zama shugaban Leka, garin da gidan sarautar Kabi ya samo sunan Lekawa daga gare shi. Kabawa kan danganta tushen tsofaffin sarautun fadarsu, irin su Kunduda da Kokani da Inname, da zamanin Kanta da mutanen da suka dafa masa.

Yawancin 'yan kokawa kan bar fage ne idan gwiwa ta gaji, ko ranar da wani yaro ya kai su ƙasa a gaban jama'a. Kanta ya bar shi ne saboda ya samu wani fagen da ya fi wannan faɗi.

Rigimar ganima

Daga nan labarin ya fita daga bakin masu riwaya ya shiga takarda. Wani malamin Tumbuktu, Abdurrahman Sa'adi, ya rubuta littafin Tarihus Sudan a tsakiyar ƙarni na 17, kuma a ciki ya kawo yadda Kanta ya ɓalle daga Songhai. A littafin, Kanta sunan sarauta ne na mai mulkin Leka, shi kuma mutumin an kira shi Kuta, wanda masana ke ganin shi ne Kotal.

A lokacin Askiya Muhammadu ne ke mulki a birnin Gawo, cikin ƙasar Mali ta yau. Ya karɓi mulki a 1493, kuma a zamaninsa babu daular da ta kai tasa girma a Afirka ta Yamma. A wajejen 1515 ya ɗaura yaƙi zuwa Agadas a ƙasar Azbin, Kanta na cikin waɗanda suka raka shi da mutanensu. Aka ci nasara, aka juyo gida da ganima. Kanta ya jira rabonsa, ya ji shiru.

Sai ya tuntuɓi Dandi-fari, babban hakimin Askiya mai riƙe da yankin Dandi, wanda ke iyaka da Kabi. Shi kuma ya ja masa kunne cewa duk wanda ya buɗe baki ya nemi rabo, ɗan tawaye za a ɗauke shi. Kanta ya yi gum. Daga baya mutanensa suka same shi suna tambayar ina nasu kason. Ya gaya musu amsar da aka ba shi, ya ƙara da cewa shi kaɗai ba zai yi tawaye ba, sai in suna tare da shi. Suka tabbatar masa suna tare da shi. Abin da yake son ji ke nan. Ya koma ya sake nema, aka sake hana shi, aka gwabza ƙazamin faɗa, kuma daga ranar bai ƙara bin Songhai ba.

Wannan ɗan gajeren labari ya fi kowane kirari bayyana mutumin. Bai harzuƙa ya zare takobi nan take ba. Ya bari sai da yaransa suka kawo kukan da kansu, ya sa suka ɗaure kansu da bakinsu, sannan ya kai kamu. Haka gwanin kokawa ke yi, ya yi ta zagaye yana taɓa kafaɗa har sai ya ji ƙafarsa ta kafu. Abin da aka yi rigimar a kansa ma tsohuwar dokar fage ce, cewa duk wanda ya sha ƙura yana da haƙƙi a abin da aka samu. Jagoran da ya dawo daga tafiya mai nisa irin ta Agadas hannu rabbana ya san mutanensa ba za su daɗe a bayansa ba. Da Kanta ya haɗiye wannan wulaƙanci, da wataƙila a nan labarinsa ya tsaya.

A 1517 Askiya Muhammadu ya kai masa yaƙi don ya ladabtar da shi, amma bai ci riba ba. Bayan an tuɓe shi daga mulki a 1528, ɗaya daga cikin magadansa, Askiya Muhammadu Bankana, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537, ya sake gwadawa. Aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantarmasa. A nan Songhai ta sha kashin da marubucin Tumbuktu ma bai ɓoye ba: runduna ta watse, shi kansa Askiya da ƙyar ya tsallake fadama ya tsira da ransa. A zamanin Askiya Dawuda an sake samun saɓani, amma wannan karon sulhu aka yi, a 1553.

Ƙasar ma ta taimaka wa Kanta. Rundunar da ta dogara da dawaki ba ta jin daɗin inda ruwa da laka suka mamaye wata da watanni. Idan damina ta yi nisa, gulbi kan cika ya malale fadama, garuruwa su koma tsibirai, kuma sunan Gungu, ɗaya daga biranen Kanta, ma'anarsa ke nan. Kabawa sun san kowace mashiga da kowane gurbi mai zurfi, baƙo kuwa sai dai ya laluba.

Surame, da waɗanda suka ɗauki duwatsunta

Manyan biranen Kanta uku ne: Leka, Gungu da Surame, wadda ta zama hedikwata. Kangon Surame na nan har yau a Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Kebbi. Abin da ya bambanta ta da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarta. Kano da Katsina da Zariya da ƙasa aka gina nasu. Ta Surame da duwatsu aka jera ta, shi ya sa shekara kusan 300 bayan an tashi daga birnin sassanta na nan tsaye.

Ba a gina irin wannan birni da fatar baki, kuma labaran da aka gada ba su yi wa Kanta kwaskwarima ba. Sun ce kowace ƙasar da ke ƙarƙashinsa sai da ta turo ma'aikata. An ce ya tilasta wa Azbinawa su riƙa ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu, alhali ga gulbi a kusa, don dai kawai su san wanda ke sama. An ce da Nufawa suka makara, sai ya hana su ruwan kwaɓa ƙasa, ya ce su kwaɓa nasu ɓangaren da man kaɗanya. An kuma ce yana da wani ƙaton jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa 50, wanda yake zagaya garuruwansa da shi lokacin ambaliya.

Ko da an cire ƙarin gishirin da ba a raba labarin baka da shi, abin da ya rage ya isa a gane irin mulkin. Mutumin da ya yi tawaye saboda an hana shi haƙƙinsa, da ya samu iko bai tausaya wa na ƙasa da shi ba. A fage, idan aka yi kaye an gama, wanda ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe yashi ya koma cikin mutanensa. Kanta sarki bai tsaya a kaye ba, sai ya ga wanda ya kayar ya ɗauki dutse a ka. Wannan ɓangare na tarihinsa ba a cika ambatonsa a wuraren biki ba, amma bai kamata a share shi ba.

Girmansa kuwa, shaidar da ta fi nauyi ta fito ne daga ɓangaren da ya yaƙi jikokinsa. Muhammadu Bello, wanda ya kawo zancen bauta, shi ne kuma ya rubuta cewa a waɗannan ƙasashe ba a yi sarautar da ta kai ta Kanta ƙarfi ba. Ya lissafa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin da wani yanki na Songhai cikin wuraren da ikonsa ya kai, ya kuma ambaci kangayen biranensa da ake iya gani a lokacin. Masana na zamani na ganin wannan iko ya fi kama da karɓar gaisuwa da haraji, ba mulkin kai-tsaye ba. Duk da haka abin dubawa ne a ce Kabi, wadda labarin Bayajida ya jefa cikin Banza Bakwai, ta kai matsayin da manyan biranen Hausa Bakwai ke sauraron motsinta.

Karawa ta ƙarshe

Bayan Songhai a yamma, sauran babban ƙato shi ne Borno a gabas, kuma ana danganta rigimarsu da batun Azbin, wadda kowannensu ke son ta zauna a hannunsa. Kamar yadda Bello ya kawo, sarkin Borno, wanda ya kira Mai Ali, ya taso da runduna ya bi ta arewacin Daura da Katsina, ya ratsa ta gefen Gobir har ya iso Surame. An kara da safiyar Sallah. A wannan zagayen Kanta ne ya ja da baya, Barebari suka yi wa birnin ƙawanya.

A nan ne riwayar baka ta kawo wani labari mai tayar da tsigar jiki. An ce masu tsaron birnin sun jera gawarwaki a kan ganuwa, riƙe da bakuna, an tsaga musu leɓɓa ta yadda daga nesa sai a ga kamar dariya suke yi. Da Barebari suka ga dakarun da ba sa gajiya, ba sa sauka, kullum haƙora a waje, sai gwiwarsu ta yi sanyi suka janye. Ana danganta maganar nan ta dariya ba loto da wannan lamari.

Mutum mai sanyin zuciya da ya gode wa Allah ya zauna gida. Kanta ya tara mutanensa ya bi sawunsu, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, har Nguru da ke Jihar Yobe a yau. Bello ya ce an yi karo 7 a can, Kanta ya yi rinjaye ya kwaso ganima mai yawa.

A hanyar komawa ce ajali ya tare shi, kuma ba a hannun Askiya ko Mai ba. A wani wuri da ake kira Dugul a ƙasar Katsina, ƙasar da riwaya ta ce daga can ya fito, waɗansu mutane da suka ƙi yi masa biyayya suka yi masa kwanton ɓauna, kibiya ta same shi. Ya ci gaba da tafiya da raunin har zuwa Jirwa, inda rai ya yi halinsa. Mutanensa suka ɗauko gawar zuwa Surame. Wata riwaya ta ƙara da cewa an tayar da kaburbura da dama a wurare daban-daban don kada maƙiya su gane na gaskiya.

Tarihus Sudan ya sa rasuwar Muhammadu Kanta, sarkin Leka, a watan Ramadan na shekarar 968 bayan Hijira, wato 1561, ya ce ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi. Waɗansu jerin sunayen sarakunan Kabi sun tsayar da mulkinsa a 1554. Wannan ya sa wasu masana ke ganin Kotal da Muhammadu Kanta mutum biyu ne, uba da ɗa, da labarin baka ya narkar ya mayar mutum guda. Ga Kabawa dai Kanta ɗaya ne.

Daga Surame zuwa Argungu

Daular da ya bari ta fi wadda ya ɓalle daga cikinta daɗewa. A 1591 dakarun Maroko masu bindigogi suka karya Songhai a Tondibi, Kabi kuwa ta ci gaba da cin gashin kanta. Sai a ƙarshen ƙarni na 17 ƙarfinta ya fara raguwa, da Gobir da Zamfara da Azbin suka matsa mata. A farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame, Sarkin Kabi Tomo ya kafa sabuwar hedikwata a Birnin Kebbi.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Lekawa suka warwatsu, daga baya suka sake haɗa kai a Argungu, kimanin kilomita 50 daga can, musamman daga 1849 da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye. Sakkwato da Gwandu ba su iya cin Argungu ba har Turawa suka iso. Shi ya sa a yau Birnin Kebbi, babban birnin jihar tun 1991, fadar Sarkin Gwandu ce ke cikinsa, sarautar Sarkin Kabi kuma tana Argungu. Bikin kamun kifin ma, a yadda aka san shi yanzu, ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba.

Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, wadda aka tashi daga cikinta a 1942 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba, kwari da baka, layu, tambura da kayan su, akwai kuma kaburburan sarakunan da suka yi mulki a garin. Kabarin Kanta ba ya cikinsu. Yana can Surame, a cikin daji, tsakanin duwatsun da aka ɗora wa talakawan ƙasashe da dama a ka. Gwamnatin Najeriya ta ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da shi jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2007. Bikin Argungu, da kamun kifinsa da kokawarsa da dambensa, ya samu amincewar hukumar a 2016. Surame na nan tana jira.